Ranar da Aka Ja Igiyar Inna

Kwanakin baya na bi ta gaban tsohuwar firamarenmu a cikin adaidaita-sahu, za mu barka can wajen Lakwaya, sai na ce wa mai tuƙin ya ɗan sassauta in kalli wurin. Filin nan da muke gani kamar ba shi da iyaka an zagaye shi da katangar bulo, an jera shaguna a jikinta, wannan yana cajin waya, wancan yana sayar da fetur a galan. Darbejiyar da ake rataye ƙarfen kiran aji babu ko kututturenta. Matan da muke tare suna ta hirar tsadar shinkafa, ni kuwa ina leƙen wani lungu tsakanin shago da shago, ina cewa a raina, a daidai nan aka kafa turken. Ba zan ce baƙin ciki ne ya kama ni ba, kada in yi ƙarya. Dariya ce ma ta kusa ƙwace mini, har wadda ke kusa da ni ta dube ni ta ɗan matsa gefe.

Mu a gidanmu ba zakara ke tashin mu ba, ƙanshin gyaɗa ne. Inna, mahaifiyata, sana'arta ke nan tun kafin a haife ni, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ana idar da sallar asuba za ka ji ta zuba yashi a kasko, gyaɗa tana ƙaras-ƙaras a ciki, ita kuma tana juyawa tana 'yan waƙe-waƙenta marasa kai da gindi. Nawa aikin shi ne murje ɓawo da bakace, sannan in ɗora roba a ka in kai markaɗe inji. Daga nan sai turmi. A juye markaɗen, a riƙa ɗiga ruwan zafi ana tuƙawa da taɓarya, har ka ga mai ya fara tsattsafowa yana ƙyalli a gefe. In na ƙosa na kwarara ruwan da yawa, sai ta buge mini hannu ta ce, "Ke, a hankali. Mai ba ya fitowa don kin matsu." Wannan ƙarar tuƙin, mai nauyi, luƙus-luƙus, da wuya ka wuce gida uku a unguwarmu ba ka ji ta ba. Yanzu inji ne yake yin komai, ka zuba ta sama ka tara jarka ta ƙasa, kuma ban ce bai kyauta ba, don ni na san abin da taɓarya take yi wa kafaɗa. Amma unguwa ta yi shiru da safe, yaran yanzu ko ƙanshin ba su sani ba.

Ba gyaɗar gonarmu kaɗai Inna take aikatawa ba. Gidaje da yawa sukan aiko mata da tasu, ta soya, ta matse, ta mayar musu da mansu a kwalabe da ƙulinsu a ƙwarya, su ba ta ladan aikinta. Babu mai tsaya mata a ka, babu mai aunawa a gabanta. Duk sana'ar a kan amana take zaune, kuma sunan Inna a wannan fanni fes yake, ko a bakin waɗanda ba sa shiri da ita.

Sai aka shiga zamanin nan da rediyo yake kira tsuke bakin aljihu. Mu yara ba mu san aljihun wa aka tsuke ba, mun dai ga sabulu ya ɓace, madarar gwangwani ta zama labari, manya suna tafiya Gwarzo su yini a layi su dawo da sukari ɗan ƙulli. Man girkin kanti ya yi ɓatan dabo, sai man gyaɗa ya yi daraja, har matar da a da take kwarara shi a miya ta koma ɗigawa da murfin kwalba. A makaranta kuwa alli ya yanke. Littafin rubutu guda ake raba shi biyu da reza, wa da ƙani kowa ya ɗauki rabi. Abin mamaki, in na tuna shekarun nan ba yunwar nake fara tunowa ba, wasannin nake tunowa, don ban taɓa yin dariya a rayuwata kamar ta lokacin ba.

Malamin lissafinmu na ajin ƙarshe mutumin Gude ne, can ƙasar Kabo. Siriri ne dogo, yana da keke mai ƙara wanda ake jin tahowarsa tun daga bakin rijiya, kuma guntun allinsa a cikin naɗin hula yake ɓoye shi don kada sauran malamai su ara. Mutum ne mai zumuɗi. In abu ya burge shi sai ya riƙa tafa hannu shi kaɗai yana zagaye aji. Wata rana ya ce mana akwai wani darasi da ake kira giraf, wanda ake yi a takarda mai gidaje-gidaje, amma tunda takardar ko hedimasta bai ga ƙeyarta ba bana, to mu za mu yi namu a ƙasa. Ya ce kowa ya je gida ya tambayo uwarsa ko gwaggonsa, a aikin gyaɗarta na ƙarshe kwano nawa ta soya, kwalba nawa na mai ta samu. Ni ban ma tambaya ba. A gabana aka yi, da gyaɗar gonar Baba, kwano huɗu, kwalba uku.

Washegari muka tarar ya riga mu zuwa fili. Ya kafa turke a ƙasa, irin na ɗaure akuya, ya ja igiya ɗaya daga jikinsa ta miƙe gabas, ya ja wata ta miƙe arewa. Ya yanko karan dawa guda ya mai da shi ma'auni, duk tsawon kara ɗaya a jikin igiya sai ya ajiye dutse. Ya ce igiyar gabas ta kwano ce, ta arewa ta kwalba ce, turken kuma shi ne sifiri, babu gyaɗa babu mai. Wanda aka kira zai taso daga turke, ya bi gabas yana ƙirga duwatsu har adadin kwanonsa, sannan ya juya ya fuskanci arewa ya auna kara har adadin kwalabensa, ya tsaya cak a nan. Yarinyar farko kwano biyu kwalba biyu, ta tsaya tana rufe baki. Na biyu uku da uku. Wani shida da shida, ya yi nisa har yana ɗaga mana hannu kamar mai shirin tafiya Makka. Da aka tsayar da mutum biyar ko shida, Malam ya ɗauko igiya ta uku, ya ɗaura a turke, ya ba wani ƙato a ajinmu bakinta ya ce ya ja da ƙarfi. Igiya ta tashi daga ƙasa, ta miƙe sambal, ta shafi ƙafar kowannensu. Wallahi sai da muka yi ihu. Yaran da gidajensu ba su haɗa komai ba, iyayensu ba su yi shawara ba, ga su a layi ɗaya kamar sahun salla.

Malam yana tafi yana zagaye mu ya ce, "To wa zai gaya mini, don me igiyar nan dole ta taso daga turke?"

Wata 'yar ƙarama mai baki ta ce, "Malam, wa ya taɓa tuƙa turmi ba komai a ciki ya samu mai?"

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka! To kwano goma fa, kwalba nawa? Kada wanda ya yi lissafi, ku je ku tambayi igiya."

Muka ruga gaba ɗaya, muka ƙirga duwatsu goma, muka auna zuwa inda igiyar ta ratsa, muka dawo muna haki muna cewa goma. Abin ya ba mu mamaki ƙwarai, a ce igiya ta san man da ba a matse ba tukuna.

Sai aka kira ni. Na taso daga turke da rawar jiki, na ƙirga huɗu, na juya, na auna uku, na tsaya. Na duba, igiya tana can gabana da tsawon kara guda, ni kaɗai a waje. Malam ya ce in sake. Na sake, nan dai na dawo. Sai ɗan gidan mai unguwa, wani mai kunnuwa fato-fato da ba ya iya riƙe magana, ya ce da ƙarfi, "Kai! Ashe man Innarsu ba ya cika!" Aka fashe da dariya. Malam ya tsawatar, ya ce wataƙila na manta ne, aka kaɗa ƙarfe aka tashi. Shi a wurinsa magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Yaron nan ya kai ta gida da ɗuminta, cewa an auna a makaranta da igiya, an gano kowa kwano huɗu kwalba huɗu yake samu, ban da Inna. Uwarsa, Hajiya, tana cikin manyan masu ba Inna aiki. Ta zauna ta tuna cewa kwano takwas ta aika kwanan baya aka dawo mata da kwalba shida, ta ce to ina biyun suka shiga, a wannan marra da mai yake kamar zinare? Kafin la'asar magana ta zaga bakin rijiya. Washegari da rana tsaka, kowa yana gani, Hajiya ta aiko aka ɗauke buhun gyaɗarta da yake jingine a zaurenmu. Wasu gidaje biyu suka bi sahu. Babu wanda ya furta kalmar sata, amma ko ni da nake yarinya na ji ta a cikin gaisuwar da aka riƙa yi mana a gajarce.

Inna kuwa ta ci gaba da waƙe-waƙenta, har tana tsokanata wai 'yar boko ta kai uwarta ƙara wurin igiya. Amma na lura kaskon suya ya kwana biyu a kife, kuma in ta ɗauka ba na kallo sai ta tsaya da taɓarya a hannu tana duban bango. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin Malam da igiyarsa da turkensa.

Da labari ya kai masa, sai ga ƙarar kekensa a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Baba yana gona, kakana na wajen uba ne a zaure, tsoho tukuf wanda haƙori ɗaya bai rage masa ba. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen Gude da damina, sannan Malam ya ce a yi masa iso wurin Inna. Ta tsaya daga bayan ƙofar zaure.

Ya ce, "Inna, haƙuri na zo bayarwa. Ni na jawo wannan magana, wallahi darasi kawai na nufa."

Ta ce, "Haba Malam, ai ba komai. Kai aikinka ka yi. Ke, kawo wa Malam ruwa da ɗan abin taɓawa."

Na kawo ruwa da ƙuli a faranti. Ya ɗauki ɗaya don kada ya ƙi, ya kai baki da shirin yaƙi irin na mai cin ƙuli, sai abu ya ruguje masa a harshe. Ya tsaya. Ya dubi yatsunsa suna maiƙo. Kaka ya yi dariyar dasashi ya ce, "Ka ji ko? Tun tana amarya ta ga ina jiƙa ƙuli a ruwa kafin in ci, shi ke nan ta sassauta matsa. Ni kaɗai ne tsoho a garin nan da yake cin ƙuli ba jiƙo."

Malam ya juyo gare ni a hankali ya ce, "Kwano huɗun nan da kika faɗa, gyaɗar wa ce?"

Na ce, "Tamu ce, Malam. Ta gonar Baba."

Ya miƙe zumbur har hularsa ta faɗi, guntun alli ya gangara ƙarƙashin tabarma. Bai ko tsaya nema ba. Ya ce wa Kaka don Allah gobe da hantsi ya taka zuwa makaranta, shi kuma zai biya ya roƙi mai unguwa.

Hantsi ya yi, fili ya cika fiye da yadda aka zata, don magana ta fita cewa za a sake auna Inna. Mai unguwa ya zo aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, Kaka kusa da shi da sandarsa, ga tsofaffin mata, ga 'yan talla sun sauke farantai. Malam ya maida turke da igiyoyinsa, ya tsayar da yaran farko a layinsu. Ya kira ni na koma wurina na ranar nan, ni kaɗai. Sai ya kira ɗan mai unguwa ya ce, "Gyaɗar Hajiya kwano nawa, mai kwalba nawa?" Yaro ya ce takwas da shida, da ƙarfinsa, yana ganin shaida yake bayarwa. Malam ya ce to bisimilla, auna. Ya auna ya tsaya, shi ma a wajen igiya. Aka kira wata yarinya da Inna ta yi wa gidansu aikin biki, kwano goma sha biyu kwalba tara, ita ma ta je can nesa ta tsaya. Sannan Malam ya kwance igiyar guga da ya aro, ya ɗaura a turken nan dai, ya ce a ja.

Har yau in na rufe ido ina jin yadda igiyar nan ta taso daga ƙasa ta daki ƙaurina. Na waiga, ta shafi ƙafar mai kunnuwa, ta wuce ta shafi ta 'yar gidan biki, miƙaƙƙiya, ba ta karkata ko kaɗan ba. Ta ɗan fi ta sauran yaran kwanciya, shi ke nan bambancinsu, amma daga turke ɗaya suka fito.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta farkon gyaɗar gidansu ce, kuma ta faɗi adadin tun kafin kowa ya yi zargin komai. Wancan gyaɗar gidanka ce. Waccan ta biki ce. Hannun da ya matse nata shi ya matse naku, bai ƙara ba bai rage ba. In ɗiba Inna take yi, to har kanta take ɗibar wa."

Mai unguwa ya shafa gemu ya ce, "To Malam, na ga layi. Amma man fa, ina ya tafi?"

Kaka bai bari Malam ya amsa ba. Ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙuli biyu, ɗaya na kasuwa ɗaya na Inna, ya miƙa masa na kasuwar tukuna. Mai unguwa, wanda shi ma 'yan haƙoran da suka rage masa ba su da yawa, ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu, ya haƙura. Aka miƙa masa na Inna. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, "Af! Ashe ni nake cinye kwalba biyun Hajiya kullum da yamma." Fili ya ɗauki dariya, tsofaffin mata har da guɗa, Malam yana tafi yana zagaye turke kamar yaro. Ni dai ina tsaye riƙe da igiya, ina dariya hawaye yana zuba, ban san wanne zan tsayar ba.

Shekaru da yawa bayan haka, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, ina da 'ya'yana, na ga ana zagaya kasuwar Gwarzo ana duba kwanon awo, ana wa'azi a kan tauye mudu. Na ji daɗin abin, amma na yi ta tunanin cewa mu tun muna yara aka nuna mana a ƙasa yadda hannu mai gaskiya yake, ko an sa masa ido ko ba a sa ba. Jikokina yanzu suna zana irin layin nan a takarda mai gidaje-gidaje, wasu ma a waya, ka taɓa ya fito da kansa. Sun fi mu sani nesa ba kusa ba. Sai dai ban ga alamar akwai wanda gabansa yake faɗuwa a cikinsu don jiran ya ga inda layi zai bi.

A ranar da aka ja igiyar Inna, da la'asar, Hajiya da kanta ta zo, ɗanta yana biye da buhu a ka, kunnuwansa sun yi laushi. Ta daɗe tana ba da haƙuri, Inna tana cewa ba komai, ai shaiɗan ne, har ta cika mata ƙwarya da ƙuli ta ce a kai wa mai unguwa. Da suka fita, gida ya rage daga ni sai ita, sai ta jawo ni ta rage murya.

Ta ce, "Ke, kowa ya ga abin nan ban da ni. Igiyar tawa, da gaske ta miƙe?"

Na ce, "Ta miƙe, Inna. Sambal."

Ta ce, "Nuna mini."

Na ɗauki tsinken kara na zana mata a tsakar gida, turmi ya zama turke, layin kwano ya nufi madafa, layin kwalba ya nufi rumbu. Na sa tsakuwa uku, na ja layi ya ratsa su. Ta tambayi wacce ce ta gyaɗar Baba, na nuna mata. Ta cire takalmi ta taka wurin a hankali ta tsaya, ta dubi layin daga turmi har inda ya ƙare a jikin katanga. Matar da ta yi kwana da kwanaki tana waƙa don kada mu gane, sai ga ta ta ja bakin zane ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Da ta sauke zanen dariya take yi, idanunta jajur.

Ta ce, "To ɗauko kaskon, me kike jira?"

Washegari da ta zo shara, ta share ko'ina a tsakar gidan nan, ta kewaye zanen. Haka ta riƙa yi, tana korar kaji daga wurin, har ruwan sama ya zo ya wanke shi.